Casa'in da Bakwai, Ban da Takalmi

Kano shimfiɗe take kamar faifai
in ka cire Dala da Goron Dutse.
Sai da aka ƙera mana tudun siminti a Ƙofar Nassarawa
sannan na san nauyin jikina.

Ni da Sagiru layinmu ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi,
kekenmu iri ɗaya, baƙi, mai kariya,
rana ɗaya muka biya kuɗinsu.
Shi in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa.
Ni kuwa yaron nan mai yawo da sikeli
ya dubi allura, ya ɗago ya dube ni,
ya ce, "Casa'in da bakwai, Baba, ban da takalmi."

A gindin gada muke raba hanya.
Sagiru ya miƙe kan feda
kamar fara ta kama karan dawa,
tsal, tsal, sai ƙeyarsa.
Ni kuwa duk tuwon da na taɓa ci
a nan yake zuwa ya riƙe mini riga ta baya:
gurasar Jakara, ɗanwaken Ladiyo,
har naman Sallar bara bai yafe ba.
Sarƙa tana kuka, gwiwa tana amsa mata,
gumi ya sami hanya ta cikin ido.
Wani ɗan adaidaita ya leƙo:
"Maigida, sauka ka tura, ba kunya ba ce!"
Ban sauka ba.

Can a ƙoli, inda rufin birni ke baje
kamar an shanya kwano a rana,
ƙasa takan tuna da bashin da ta ci.
Ba na taka feda. Zama kawai nake gyarawa.
Iskar da ke tare Sagiru a ƙirji,
ta kumbura masa riga, ta hana shi gaba,
ni in ta hango ni sai ta ba da hanya.
Fuuu! Na wuce shi yana ta dakan feda,
na buga masa ƙararrawa sau biyu,
don ya san mai ƙiba ma yana da rana.

Sai dai ranar gajera ce.
Na yi lissafi a bayan rasit, a Kwari:
hawa yana cin minti uku,
gangara ba ta kai tsawon hamma biyu ba.
Abin da tudu ya karɓa da mudu,
da ludayi gangara take mayarwa.
Ga birki kuma: Ilu bakanike ya sauya mini roba sau uku
kafin Sagiru ya sauya sau ɗaya.

Ran wata Laraba aka ɗaura masa bandir huɗu na shadda,
ya kai wa wani tela a Tarauni.
Muka kamo gada ta ɗaya gefen.
Tun kafin rabi na ji numfashinsa a bayana,
a bayana, jama'a, karo na farko!
Da muka kai sama ya sa ƙafa a ƙasa,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, "Nasidi,
ashe wannan kake ɗauka kullum,
shekara shida, ba ka taɓa faɗa ba?"
Na ce, "Wa zan faɗa wa? Ka riga ka yi nisa."

Da muka saki birki kuwa,
ihu ya yi kamar yaro a lilo,
hularsa ta tashi, ta bi motar Zariya.

Tun ranar nan a ƙolin gada nake tarar da shi,
ƙafa ɗaya a ƙasa, yana duba tayar da lafiyarta ƙalau.
Ni ma a gangara nakan ɗan matsa birki,
in ce wa Ilu robar ce ba ta da kyau.